Sufana da Zarto

Faɗa na uku shi ne ya zub da jini. Kafinta yana shagonsa da ke jikin ƙofar gida, yana haɗa ƙafafun wani tebur, sai ya ji ihun Zarto daga ciki, irin ihun da kare ba ya yi sai abin ya kai masa karo. Kafin ya yar da guduma ya shigo, matarsa Malama ta riga ta sheƙa musu bokitin ruwan wanki. Karnukan biyu sun rabu suna haki. Kunnen Zarto ya tsage, jini yana ɗiga a simintin baranda, robar abincinsu ta kife. Sufana kuwa ta koma jikin bango ta tsaya ƙyam, gashin bayanta a miƙe, ko alamar nadama babu.

"Baban Auta, zo ka ga aikin baƙuwarka," in ji Malama.

Ba ta ɗaga murya ba. Macen da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koyar da 'yan aji ɗaya ta daɗe da sanin cewa ihu ba ya zaunar da kowa. Idan ranta ya ɓaci, ƙasa muryarta take yi, kuma a nan ne Kafinta yake shiga taitayinsa.

"Ƙarshen wata Auta za ta zo da yaron nan, kuma ba kwana biyu za su yi ba, sai mijinta ya gama kwas ɗinsa. Yaro ya fara rarrafe, duk abin da ya gani sai ya cafka. A tsakar gidan nan kake so in ajiye jikana?"

"Zan gyara abin."

"Haka ka ce wancan karon. Mai bulo na ƙarshen layi ya sake yi mini magana. Kare mai zafi yake nema, yana da sarƙa, yana da abinci. In ba ta gyaru kafin su zo ba, ko dai ka kai masa ita, ko in ce wa Auta ta yi zamanta. Sai ka zaɓa."

Kafinta ya san wurin mai bulo. Fili ne fetal, babu inuwa sai ta tulin yashi, kuma karen da ya zauna can a baya sarƙa ce ta cinye masa gashin wuya har ya mutu. Ya dubi Sufana ya ce, "Ba za ta je can ba. Auta kuma za ta zo." Malama ta san mijinta. Mutum ne da idan ƙusa ta lanƙwashe ba ya jefar da ita, sai ya miƙe ta ya sake bugawa, ko da akwai sababbi cike da gwangwani a gabansa.

Sufana karyar Yaya ce. Yaya shi ne wan Kafinta, bakanike, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya kuma kai shi koyon aikin katako don ya ce shi ba ya son ganin baƙin mai a hannun ƙaninsa. A ƙarƙashin wata mota da aka kawo gyara ya tsinci karyar tana 'yar mitsitsiya, ya raɗa mata sunan abin da ke hannunsa a lokacin. Da Kafinta ya samu nasa kwikwiyon, wanda ya gwaguye ƙafafun kujerun mutane, sai ya rama, ya sa masa Zarto. Yaya ya rasu farkon damina bayan 'yar gajeriyar jinya. Matarsa ta riga shi, 'ya'yansa suna nesa, aka sayar da gareji aka raba kaya. Kafinta bai nemi komai ba. Abu biyu kawai ya ɗauko: karyar da ta ƙi barin ƙofar garejin, da rigar aikin Yaya, wata shuɗiya mai kauri da baƙin mai ya rine. Ya buga mata ƙusa a baranda ya rataye, in gari ya yi sanyi ya zura ta a kan tasa.

Likitar dabbobin da ta ɗinke kunnen Zarto ba ta wuce sa'ar Auta ba, amma ta san aikinta. Tana ɗinki tana tambaya.

"Baba, yaya kuke ba su abinci?"

"A roba ɗaya."

Ta tsayar da allura ta dube shi. "Roba ɗaya? Su biyun?"

"Ni da Yayana, mai karyar, kwano ɗaya muka ci tun muna yara har ya bar duniya. Ko da muka yi aure, in ya zo gidana ba a raba mana. Na ce su ma su saba. Ai yanzu 'yan'uwa ne."

"Allah ya jiƙansa, Baba. Amma ku mutane ne, su karnuka ne. Kai in Yayanka ya kai hannu cikin kwano, ka san zai rage maka. Ita ba ta san haka ba."

Maganar ta ɗan sosa masa rai, amma ya haɗiye. Ta ce ya raba musu wurin ci, kowa inda ɗan'uwansa ba zai gan shi ba. Ta ce kada ya sake ya doki Sufana don ta yi gurnani. "Gurnani gargaɗi ne, Baba. In ka doke ta a kansa, gobe ba za ta yi gargaɗi ba, cizo kawai za ta kai." Ta ce kada ya fizge mata abu daga baki, ya ba ta wanda ya fi shi daɗi su yi musaya. Yana tashi zai tafi ta ƙara da cewa, "Kuma ka sa ido. Kare ba ya faɗa haka kawai. Akwai abin da take tsoron a ƙwace mata. Wani abinci ne, wani ƙashi, wani wurin kwanciya. Sai ka gano nata."

"Abinci ne," in ji Kafinta, kamar karyar ce ta faɗa masa da bakinta.

Ya ɗauki abin kamar aikin da aka ba shi kwangila. Teburin mutane ya jingine shi gefe, mai shi ya yi ta zarya. Ya auna lungun da ya raba tsakar gida da bayan kicin, ya haɗa ɗan gajeren ƙyaure mai sakata, mai tsaga-tsaga yadda za su ga juna amma ba za su kai ga juna ba. Ya ajiye kwanon Zarto a gindin famfo, na Sufana a bayan kicin. Ranar farko da ya ga kowa yana ci shi kaɗai, bayansa ga bayan ɗan'uwansa, sai da ya kawar da kai. A wurinsa raba kwano ba ƙaramin abu ba ne. Amma ya daure.

Ya bi tsakar gida ya tsince duk wani tsohon ƙashi da Zarto ya binne. Ya sayo hanta ya dafa ya yayyanka ƙanana, ya cika aljihun wandonsa. Sai ya ba Sufana ƙashi, ya bari ta fara gwaguya, ya tsuguna daga nesa ya ce, "Bari," ya nuna mata hanta. Da farko leɓenta ne yake ɗagawa, haƙora su bayyana. Bai matsa ba, bai kuma gudu ba. Ranar da ta saki ƙashin ta zo ta karɓi hantar, ya ɗauki ƙashin ya juya shi a hannu, sannan ya mayar mata da abinta, don ta san cewa hannunsa ba na ƙwace ba ne. Daga nan ya koma tsayawa a bakin ƙyauren: da zarar Zarto ya leƙo ta tsaga, sai hanta ta faɗo gaban Sufana. Ba a daɗe ba ta gane lissafin. In ta hango Zarto, maimakon ta murtuke, sai ta waiwayo tana duban aljihu.

"Hantar da ni ban ci ba a gidan nan, kare ke ci," in ji Malama. Amma ita ce take tafasa masa ita kafin ta tafi makaranta.

Da safe yakan fita da su, igiya ɗaya a kowane hannu, shi a tsakiya. Mai kantin da ke kallon gidansu ba ya bari su wuce lafiya.

"Kafinta, yau ma an tafi makaranta? Wa ya zo na ɗaya?"

"Duk sun fi ka jin magana," in ji Kafinta, bai ko waiwaya ba.

Abin ya yi kyau har ya fara buɗe ƙyauren da yamma. Karnukan suka riƙa shan ruwa a gindin famfo ɗaya, suna wuce juna kamar maƙwabtan da ba sa gaisawa amma ba sa faɗa. Kafinta ya fara tafiya yana buɗe kafaɗa. Ya ce wa Malama ta ga abin da ake kira aiki.

Ran nan da la'asar aka yi ruwa mai sanyi. Ya rufe shago da wuri, ya zura rigar Yaya, ya shigo ya zauna a bencin baranda yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Sufana ta zo ta kwanta a kan ƙafarsa. Can sai ga Zarto, jiƙe sharkaf, ya taho yana kaɗa jela zai ɗora kai a gwiwar maigidansa kamar yadda ya saba tun yana kwikwiyo. Babu kwano a wurin, babu ƙashi, babu hanta. Kafinta ya ji jikin Sufana ya sandare a kan ƙafarsa, kafin ya buɗe baki ta riga ta tashi. Ya yi abin da likita ta hana: ya cusa hannu tsakaninsu. Haƙoran da aka nufi wuyan Zarto da su suka sauka a tsintsiyar hannunsa.

Malama ce ta wanke ciwon, ta ɗaure, ta raka shi aka yi masa allura. Suka dawo gida. Sai da ya zauna ta tsaya a kansa.

"Ba abinci ba ne, Baban Auta."

"To mene ne? Ni take kishi?"

"Jiya a nan ka zauna da singileti, Zarto ya hau maka jiki har da lasar fuska. Sufana ko kai ba ta ɗaga ba. Faɗan farko a ina aka yi shi? Na biyu fa? Na uku? Duk a nan, ƙarƙashin ƙusar nan. Kwanakin nan da kake ta murna, ina rigar take? Tana shago, inda ba sa shiga."

"Riga ce fa kawai."

"To rataye ta mu gani."

Ya tuɓe ta da hannu ɗaya ya rataye, suka koma ƙofar ɗaki suka tsaya. Sufana ta fito daga bayan kicin, ta wuce kwanonta, ta wuce Kafinta da aljihunsa, ta je ƙarƙashin rigar ta kwanta, hancinta yana taɓa gefen da ya sauko. Malama ta taka a hankali kamar za ta wuce. Tun ba ta kai ba suka ji gurnanin, can ƙasa a maƙoshi. Malama, wadda take zuba mata ruwa kullum.

"Yanzu ka ɗauka yaro ne ya rarrafo ya kama gefen rigar kakansa," in ji ta.

Gabansa ya faɗi, kuma a ƙarƙashin tsoron akwai tausayi da ya cika masa ƙirji. Ashe duk wannan lokacin ba mugunta ba ce. Abin da ya rage mata na maigidanta take gadi.

Duk da haka bai sallama nan take ba. Ya saka rigar a akwatin kayan aiki ya kulle a shago. Sufana ta koma ƙofar da ta haɗa shago da gida ta tare, hanci a ƙasan ƙyaure, Zarto ya rasa hanyar wucewa. Ya naɗe rigar cikin leda biyu ya ɗora a saman kabad na ɗakin kwana. Wannan ya so ya yi aiki, sai dai kullum da safe Kafinta yakan sauko da ledar, wai yana duba ko kyankyaso ya shiga. Sai ya buɗe, ya ɗan daɗe da ita a hannu. In ya fito, Sufana ta bi hannayensa tana shinshina, ta shiga tsakaninsa da Zarto tana tunkuɗe shi da kafaɗa.

Malama ta kama shi wata safiya fuskarsa cikin wuyan rigar. Ba ta yi masa dariya ba.

"Masu gadin rigar nan biyu ne," ta ce a hankali. "Ɗaya dai ba ya gurnani. Kawo in kai ta gidan ƙanwata a ajiye."

"Rigar Yaya ba za ta yi zaman gidan mutane ba." Ya kuma san kansa: da an kai ta can, kullum yana hanya, ya dawo da ƙamshin a hannu.

Da hantsi mai bulo ya biyo ta shago, ya ga bandejin, ya girgiza kai. "Kafinta, wannan ai ta nuna maka halinta. Ba ni ita ka huta. Yau ɗin nan sai in turo a ɗauka."

Kafinta ya auna maganar a ransa. In karyar ta tafi, rigar ta zauna yadda take: warin baƙin mai, da na sabulun da Yaya yake wanke hannu da shi, da na gumin wuyansa. Zai riƙa sa ta duk ranar da ya so, ba mai cizon kowa. Ya ji kunyar kansa da wannan tunanin ya ɗarsu a ransa. Yaya bai taɓa ɗaukar rigar nan a bakin komai ba, da ita yake goge hannu. Karyar kuwa, in ya sayi abincin rana sai ya raba biyu da ita.

"Na gode," ya ce wa mai bulo. "Ba ta bayarwa ba ce."

Ya rufe shago da rana tsaka. Ya kai Zarto bayan kicin ya sa sakata. Ya ɗora ruwa a wuta, ya jawo babban baho gindin famfo, ya ɗauko garin sabulu da buroshi. Malama ta ce ya kawo ta wanke, hannunsa bai warke ba. Ya ce a'a. Ya ɗaura leda a kan bandejin ya tsuguna.

Ya fara zazzage aljihuna. Noti biyu, guntun waya, wani ɗan biskit da ya zama gari, irin wanda Yaya yake jefa wa Sufana in ta kwanta a ƙarƙashin motar da zai tayar. Ya ajiye su a kan benci. Sannan ya kai rigar fuskarsa ya shaƙa sau ɗaya, sosai, ya tsoma ta cikin ruwan.

Baƙin mai ba ya fita da daɗi. Ruwan farko ya yi baƙi ƙirin, ya zubar. Na biyu ma haka. Ya goge wuyan da buroshi, ya goge hammata, ya goge bakin hannu inda zaren ya zare. Hannunsa mai ciwo yana zugi, bai tsaya ba. Sufana ta zo ta tsaya gefen bahon tana kallon rigar, tana kallonsa, tana wani ƙaramin kuka a hanci. Sau ɗaya ta kai baki za ta ja hannun rigar. Ya ce, "Bari." Ta bari. Babu hanta a aljihunsa, ta bari. A nan ne hawayen suka zo masa, bai kuma ɓoye ba, ya ci gaba da cuɗawa yana kuka kamar yaro. Malama ta zo ta tsuguna ta riƙa zuba masa ruwan ɗauraya.

Sai da ya shinshina ko'ina ya ji ba komai sai sabulu sannan ya matse ta ya shanya. Ashe shuɗinta mai haske ne. Bai taɓa sani ba.

Da yamma ta bushe. Ya sauke ta ya shimfiɗa a kan benci, ya ja da baya. Sufana ta matso. Ta fara daga wuya, ta bi kafaɗa, ta sauka hannun dama, ta cusa hanci cikin aljihu. Ta koma ta sake farawa daga wuya. Ta daɗe tana nema. Daga ƙarshe ta ɗaga kai, ta yi atishawa saboda sabulun, ta juya ta bar rigar a wurin. Ta zagaya tsakar gidan, ta leƙa ƙofar shago, ta leƙa ƙofar ɗaki, ta dawo tsakiya ta tsaya, ba ta san inda za ta nufa ba. Wannan ya fi masa cizon zafi.

Ya zura rigar ya zauna. Ya ce wa Malama ta zare sakatar. Zarto ya fito yana ɗari-ɗari, ya dubi Sufana, ya dubi maigidansa, ya taho a hankali ya ɗora kai a gwiwarsa, a kan shuɗin yadin. Kafinta bai motsa ba, idonsa yana kan gashin bayan Sufana. Gashin bai tashi ba. Ta dai tsaya can tana kallonsu, kunnuwa a kwance.

"Zo," ya ce mata. "Zo nan. Ni ma na duba, ba ya ciki."

Ta ɗauki lokaci kafin ta taho. Ba ta kwanta a ƙafarsa ba, ta kwanta nesa kaɗan da bencin, ta ɗora haɓa a kan siminti. Ya miƙa hannun mai bandeji har ya kai ga kanta, ɗayan kuma yana kan Zarto. Ya san aiki bai ƙare ba. Kwanuka za su ci gaba da zama a rabe, ƙyauren zai zauna a rufe duk lokacin da yaro yake ƙasa, gobe kuma da safe akwai hanta da igiya biyu.

Malama tana tsaye a ƙofar ɗaki da waya a hannu. "Auta ce. Tana tambaya ko su taho."

Ya share fuska da hannun rigar.

"Ce mata su taho," in ji shi.